Hannuwan Inna a Shafi na Huɗu

Ranar da ta fara ganinsa, haushi ya ba ta.

A hawa na uku na laburaren jami'a ne, cikin ɗakin da aka ware wa shirin horar da ɗalibai jagorancin kare haƙƙin jama'a. Su goma sha biyu aka zaɓa. Shekara guda za su yi suna haɗuwa duk ranar Laraba, a ƙarshe kowa ya rubuta rahoto, wanda nasa ya fi kyau a tura shi aiki wata babbar ƙungiya.

Daraktar shirin, wadda kowa ke kira Madam, tana gaban allo tana rubuta ADALCI da manyan baƙaƙe, sai aka turo ƙofa a hankali. Wata dattijuwa ce cikin shuɗiyar rigar kamfanin shara, riƙe da bokiti da mofa, saboda wani ya ɓarar da shayi.

Babu wanda ya ɗaga kai. Ƙafafu kawai aka ɗaga.

Sai wani dogon saurayi mai tabarau ya yi zumbur ya miƙe, har kujerarsa ta yi ƙara.

"Sannu da aiki, Mama! Kawo in taya ki."

Dattijuwar ba ta amsa ba. Ta goge, ta matse, ta fice kanta a sunkuye.

Lauya ta ji kamar ta jefe shi da biro. Ba shari'a take karanta ba, kimiyyar sinadarai ce, amma tun tana firamare ake kiranta Lauya don ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Ana tashi ta tare shi a bakin matakala.

"Malam Ido Huɗu, kada ka sake yi mata haka."

"Gaisuwar ce laifi?"

"Kamfaninsu ya hana su magana da ɗalibai. In ta amsa maka mai duba aiki ta gani, a rubuta mata gargaɗi. In ba ta amsa ba, ta wuni da kunyar yaro ya gaishe ta ta share shi. Ka ga inda ka saka ta?"

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Wallahi ban sani ba. Ke ya aka yi kika sani?"

"Mahaifiyata ce."

Ta jira ta ga irin kallon da ta saba gani, na tausayin nan mai ƙona rai. Bai yi mata shi ba. Sai ya ce, "To a gida fa? Kamfanin ya hana a je gida a gaishe ta?"

Saura kaɗan dariya ta kuɓuce mata. Ta gyara jakarta ta wuce.

"Ka fara samun wadda za ta nuna maka gidan tukun."

Wata uku ya yi yana neman wadda za ta nuna masa gidan. Ilimin zamantakewa yake karanta, kuma irin mutanen nan ne da in suka ga an yi ba daidai ba sai kunnuwansu su ɗau zafi. Shi ke tattara kofuna in an tashi. Shi ke tambayar da ke sa Madam duba agogo. Lambar Lauya kuwa a takardar sa hannu ya sata, ya kuma amsa laifinsa a saƙon farko.

"Ranki ya daɗe Lauya, wanda ake tuhuma ne. Na ɗauki lambarki ba izini. Ina roƙon sassauci."

Ta bar shi sai da aka fito daga laccar rana ta amsa.

"Kotu ta same ka da laifi. Hukuncinka ka riƙe min kujerar kusa da taga ranar Laraba."

"Har abada, ko Larabar nan kawai?"

"Kada ka cika baki, Ido Huɗu."

"An gama, hasken tabarauna."

Ta kife wayar a cinya tana murmushi ita kaɗai, har ƙawarta ta tambaye ta ko lafiya.

Ba shi kaɗai ke riƙe mata kujera ba. Akwai Mai Kwat, ɗalibin shari'a, wanda ko rana na narka mutum ba ya cire kwat, kuma kowace magana tasa da "talakawanmu" take farawa. Shi ma ya ce yana sonta. Sai dai ranar da ya ji wace ce mahaifiyarta, idonsa ya yi wani irin ƙyalli.

"Ai ke kadara ce a shirin nan! Ki ɗauki hoto da ita, tana riƙe da mofa kina riƙe da littafi, mu sa a fosta."

"Ka ɗauka da taka tana riƙe da kwat ɗinka," in ji Lauya.

Ranar wata Lahadi da la'asar Ido Huɗu ya fara zuwa gidan. Baba, wanda tela ne, yana kan kekensa a ɗakin gaba. Ya dube shi ta saman nasa tabaran ya ce, "Wannan wandon ba a auna ka ba aka ɗinka shi." Daga nan hira ta ɓarke.

Inna kuwa nan da nan ta gane shi.

"Kai ne mai sannu da aiki? To yau na amsa. Yawwa, sannunka dai."

Aka yi dariya. Daga ranar ya zama ɗan gida. Duk Lahadi yana nan, ya zauna a tabarma ya naɗe dogayen ƙafafunsa, Inna tana kan ƙaramar kujera tana shafa man zafi a hannuwanta. Hannuwan nan, duk wanda ya gan su sau ɗaya ba zai manta ba. Fatar ta tsattsage tsakanin yatsu, faratan sun yi fari sun mutu. Da su ta goya 'ya'ya huɗu, da su take ɗaura wa Lauya ɗankwali ranar jarrabawa.

Wata rana ya kasa haƙuri ya ce, "Inna, ba a ba ku safar hannu ne?"

Inna ta yi dariyar da ba ta daɗi ba.

"Ana ba mu mana. Ranar da manya za su zo duba aiki. Da sun tafi a bi mu ɗaya bayan ɗaya a karɓe, a mayar kwali."

Da ta ga ya zaro ido sai ta ci gaba, don mutum in ya samu mai saurare zuciyarsa buɗewa take. Ta gaya masa shekara goma sha tara tana goge hawa na uku. Ta gaya masa gwiwarta ta hagu ta lalace saboda an hana su hawa lif, sai matakala, da bokiti cike. Ta gaya masa a sito suke cin abinci, a tsaye, tsakanin jarkokin bilic, sinadarin wanke ƙasa. Har ta gaya masa abin da ko Baba bai sani ba: ranar da Lauya ta fara shigowa laburaren a matsayin ɗaliba, sito ta shige ta rufe ƙofa ta yi kuka, na murna, da kuma na baƙin cikin ba za ta iya ce wa kowa "waccan tawa ce" ba.

Lauya tana daga bakin ƙofa tana ji. Ta ga Ido Huɗu ya sunkuyar da kai yana share ido. A ranar ta yanke a ranta shi za ta aura.

Abin da ba ta gani ba shi ne, yana komawa ɗakinsa ya buɗe littafi ya hau rubuta abin da ya ji.

Ƙarshen shekara ya zo, kowa ya miƙa rahotonsa. Madam ta shirya babban taro a zauren da ke ƙasan laburaren, ta gayyato malamai, da wakilan ƙungiyoyi, har da manajan kamfanin shara, wai don a ji ta bakin kowa. An jera furanni, an kunna majigi. Masu shara suna can bayan ƙofa da bokitansu, suna jiran a tashi su gyara wurin.

Madam ta ɗaga wata takarda.

"Zan karanta muku shafi na huɗu na wani rahoto. Ni kaina sai da na yi hawaye. An canza sunan matar, kamar yadda ƙa'idarmu ta tanada."

Ta fara karantawa da murya mai rawa. Wata baiwar Allah mai shekara goma sha tara tana goge hawa na uku. Mai ciwon gwiwar hagu. Wadda ake karɓe wa safar hannu in manya sun tafi. Wadda ta shige sito ta yi kuka ranar da 'yarta ta zama ɗaliba.

Lauya ta ji kujerar ta tafi da ita. Mutum nawa ne ke goge hawa na uku? Ɗaya ce. Mutum nawa ne ke ɗingishi da ƙafar hagu a ginin nan? Kawuna suka fara juyowa wajenta, ga kallon nan da ta tsana, ya cika zaure. A layin baya mai duba aiki ta sunkuya tana raɗa wa manaja magana a kunne.

Aka yi tafi. Tafi fa! Har da masu miƙewa tsaye.

Ta waiga ta ga Ido Huɗu fuskarsa ta yi fari fat, bakinsa a buɗe. Ba ta tsaya ba. Ta ture ƙofa ta fita, ta ga Inna tsaye jikin bango ta rungume sandar mofa. Inna ta ji komai. Kuma ko a lokacin ba su da ikon yi wa juna magana.

Washegari Inna ta fita da sassafe kamar kullum. Kafin ƙarfe tara ta dawo. Babu katin aiki a wuyanta.

"Sun ce in zauna a gida sai an neme ni. Wai na fitar da sirrin aiki."

Ta ninke shuɗiyar rigar ta ajiye a kan akwati. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi sauƙi.

Wayar Lauya ta yi ta ƙara. Saƙo kan saƙo.

"Lauyata, don Allah ki ɗauka."

"Wallahi don a gyara musu na rubuta. Ban yi nufin cutar da Inna ba."

"Na canza sunan ai. Haka aka koya mana."

Na ƙarshen nan ne ta kasa bari ya wuce. Ta zauna a bakin gado ta rubuta masa.

"Ka canza sunan. Ka canza mata gwiwa? Ka canza mata hawa na uku? Ka canza mata 'ya? A tabarmarmu ka zauna, a matsayin ɗa ta yi maka magana, ba a matsayin mai bincike ba. Ka tambaye ta kafin ka rubuta? Sau ɗaya tak, ka tambaye ta? An yi maka tafi, ita an cire mata kati. Kada ka sake kira na Lauyarka."

Da rana Inna ta kira ta, Baba yana zaune ya dakatar da keke.

"Auta, zan faɗa miki sau ɗaya. Yaron nan kada ya sake tako min ƙofa. Aikin ba shi ya fi ci min rai ba. Abin da ban gaya wa ubanku ba shekara uku, shi na ji a lasifika. Mutumin da bakinsa ke rufe amma alƙalaminsa ke yoyo, ba zan ba shi 'yata ba."

Baba ya yi gyaran murya. "Yaro ne, kuskure..."

"Malam, in ka yanka yadin mutane ba daidai ba, kuskure kake ce musu?"

Baba ya mayar da ƙafa kan keke.

Ranar Laraba Mai Kwat ya tare Lauya a farfajiya, fuska cike da jimami kamar mai zuwa ta'aziyya.

"Na yi miki baƙin ciki. Amma ai kowa ya san shi ya kai wa Madam shafin ya ce a karanta. Gurbin aikin nan yake hari. Ni da ni ne, da na kare mutuncin talakawanmu."

"Mahaifiyata ba talakarka ba ce," ta ce, ta wuce. Amma maganar ta shige ta, ta zauna mata a ƙirji kamar dutse.

Kai tsaye ofishin Madam ta nufa, ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba.

Madam ta tarbe ta da fara'a. "Zauna, 'yata. Ya kamata ki yi alfahari. Labarin mahaifiyarki ya girgiza zukata."

"An dakatar da ita daga aiki, Madam."

"Ash! Abin takaici. Sai dai kin san shirinmu ba ya shiga tsakanin kamfani da ma'aikatansa. Mu wayar da kai muke yi."

Lauya ta dubi bangon ofishin. Hotuna ne jere, Madam tana karɓar lambar yabo, Madam tana rungume da wasu mata a wani ƙauye. Kwandon shara na gefen tebur ya cika ya tumbatsa, kwana biyu ba a kwashe ba, kuma da alama Madam ba ta ma tambayi dalili ba.

"Shekara guda kina koya mana a tsaya wa mai rauni. Ga mai rauni a bayan ƙofarki, ke kika kira manajan kamfaninsu kika karanta masa asirinta. Wa ya ba ki izini?"

Fara'ar ta ɗan dusashe. "Duk rahoton da aka miƙa mallakar shiri ne, yana cikin fom ɗin da kuka sa wa hannu. Ni na zaɓo shafin da kaina, ba sai na nemi iznin ɗalibi ba. Shi ma abokin naki ya zo nan yana min ihu, wai ban sanar da shi ba. Har ya janye rahoton gaba ɗaya. Yaron da ya riga ya ci gurbin! Ku yaran nan ba ku san ciwon kanku ba."

Lauya ta fito tana haɗa hanya. Ashe Mai Kwat ƙarya ya shirga. Ashe Ido Huɗu bai sayar da su ba. Ta tsaya a matakala ta lalubi zuciyarta, ta ga har yanzu fushin yana nan, sai dai ya ragu da rabi. Ba shi ya karanta ba, amma shi ya rubuta.

Kwana biyu bayan haka saƙonsa ya shigo.

"Na san ba ni da bakin magana. Na haɗa ɗalibai arba'in, mun rubuta kwalaye. Ranar Litinin za mu tsaya a ƙofar laburare har sai an mayar da Inna."

Nan take ta mayar masa da amsa.

"Da hotonta a kwalin, ko? Ku yi ihu ku koma aji, sauran matan ashirin da biyar a bi su ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu ba ka gane ba."

Shiru. Awa ɗaya, awa biyu. Har ta cire rai, sai ga shi.

"Na yaga kwalayen. Me Inna take so a yi?"

Ta daɗe tana kallon layin nan. Shekara guda ana horar da su, da majigi da allo da shayi, amma babu wanda ya taɓa rubuta wannan tambayar a allo.

"Ban sani ba. Ka zo ka tambaye ta. In ta kore ka, ka koru."

Ya zo ranar Lahadi. Ya tarar da abokan aikin Inna su biyar sun zo jaje, sun cika ɗaki. Ya yi sallama ya tsaya a waje, cikin rana, hannuwa a baya. Ya rame, tabaran har zamowa suke.

"Wannan ne marubucin?" in ji wata mai jiki da ake kira Uwar Ɗaki, wadda ke goge hawa na ɗaya. "Kai, ashe ma abin tausayi ne. Na zaci zan ga ƙato."

Inna ta bar shi a tsaye har sai da gumi ya jiƙa masa riga. Sannan ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, na ci amanarki. Ba ni da hujja. Ban zo neman a yafe min ba, na zo in ji abin da kike so a yi. In kin ce in ɓace, zan ɓace."

Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Tunda hannunka na ƙaiƙayin rubutu, shigo ka zauna. Auta, ba shi takarda. Yau ni zan faɗa, kai ka rubuta. Abin da na faɗa kawai."

Wasiƙa ce zuwa ga magatakardan jami'a, wanda ke kula da kwangilar kamfanin. Inna tana faɗa, yana rubutawa, in ya gama layi ta ce ya karanto. Ya karanto na farko.

"Mu, mata marasa galihu da aka daɗe ana zalunta..."

"Tsaya! Wa ya ce maka ba mu da galihu? Ga mijina can, ga 'ya'yana. Goge."

"Ni ma ina da galihu," in ji Uwar Ɗaki. "Har ya yi min yawa, kullum yana gida yana jiran abinci."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ido Huɗu ya goge.

"Rubuta: mu masu sharar laburare."

Ya rubuta. Can ya sake gwada sa'arsa. "Inna, in sa maganar sito da kukan..."

"Kukana nawa ne. Bai shafi magatakarda ba."

"To."

"Rubuta muna son safar hannu kullum, ba ranar baƙi kawai ba. Rubuta muna son wurin zama mu ci abinci. Rubuta ban saci komai ba, ban fasa komai ba, shekara goma sha tara ban taɓa makara ba, a mayar min da katina."

Lauya ta tashi ta ɗauko wata takarda da ta ɓamɓaro daga jikin tsohuwar jarkar bilic. "Inna, in kin yarda a haɗa da wannan. Masu yin sinadarin da kansu sun rubuta kada a taɓa shi da hannu tsirara."

Inna ta juya takardar. "Ashe a rubuce yake? Duk shekarun nan?" Ta yi ƙwafa. "A haɗa."

Sau uku ya karanta wasiƙar daga farko har ƙarshe kafin ta gamsu. Babu kalmarsa ko ɗaya a ciki. Ya ɗago a hankali.

"Wane suna za a sa a ƙasa?"

"Nawa. Na gaskiya. Wancan karon an ɓoye sunana an tone ni. Wannan karon ni zan tsaya da ƙafata."

Ta karɓi biron da tsattsagaggun yatsunta ta rubuta sunanta, harafi bayan harafi. Uwar Ɗaki ta sa nata, wasu biyu suka bi. Sauran biyun suka sunkuyar da kai, ɗaya ta ce ita kaɗai ke riƙe da marayu.

"Kada wanda ya kalle su," in ji Inna. "Kowa ya san nauyin da ke kansa."

Ita da Uwar Ɗaki suka kai wasiƙar da kansu. Ido Huɗu ya raka su har bakin ofis ya tsaya a waje, don an ce ya tsaya a waje.

Mako uku ana jira. Mako uku Inna tana tashi da asuba bisa sabo, ta zauna a bakin gado ba wurin zuwa. A na huɗu aka aiko ta je ta karɓi katinta. Safar hannu ta zo, kwali guda, kuma ba a sake karɓewa ba. Aka sa benci a bayan ginin. Lif dai har yau an hana su. Gurbin aikin kuwa Mai Kwat aka ba, ya yi jawabi mai daɗi a kan talakawanmu, Madam ta share hawaye, aka yi tafi.

Lauya ta dawo gida tana huci. "Inna, kin ga rashin kunya? Shi fa ko tsinke bai ɗaga ba!"

"Bar su da tafinsu, Auta. Miƙo min man nan."

Inna ba ta sauko da wuri ba. Wata shida Ido Huɗu yana zuwa yana gaishe ta daga bakin ƙofa, tana amsawa a taƙaice. Suka gama karatu. Ya samu aiki a wani ƙaramin ofishin ƙungiyar ma'aikata, ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara, inda aikinsa shi ne rubuta wa mutane wasiƙa ya karanta musu har sai sun ce haka ne. Baba ne ya gaji da ganinsa a tsaye, wata Lahadi ya ɗauko tef ya ce, "Zo nan in auna ka. Ba za a ɗaura wa 'yata aure da mai ɗangalallen wando ba."

Kowa ya dubi Inna. Ta ci gaba da tsintar abin da take tsinta a faranti.

"Ka auna shi da kyau," ta ce. "Kafaɗar ta faɗa."

Da yammar ranar saƙo ya shigo wayar Lauya.

"An ba ni izini in sake cewa Lauyata?"

"An ba ka. Amma a wayata kawai, ban da lasifika."

"Lauyata. Sanyin raina. Matata in Allah ya yarda."

"Allah ya yarda, Ido Huɗuna."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Matan laburare duka suka zo, har da biyun da ba su sa hannu ba, Uwar Ɗaki tana gaba tana ba da umarni kamar ita ta haifi amarya. Da za a tafi da Lauya, Inna ta sa aka kira ango. Ya durƙusa a gabanta cikin sabon ɗinkin Baba. Ta kamo hannun 'yarta ta ɗora a nasa.

"Ga ta nan. Tana da baki, amma zuciyarta ba ta da ƙwari kamar yadda take nunawa. Za ka ga kukanta. Za ka ji abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har ni. In ka ji, ka riƙe mata. In ka ga za ka taimake ta, ka fara tambayarta."

"Na ɗauka, Inna," ya ce.

"To na yafe maka, duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka. Allah ya rufa muku asiri, ya sa ku rufa wa juna. Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya sa ku tsaya wa mutane ba tare da kun taka su ba. Ku tashi ku je."

Ɗaki ya amsa da amin. Lauya, wadda tunda aka haife ta ba a taɓa rufe mata baki ba, ta buɗe baki za ta yi magana, ta kasa. Sai ta kifa kanta a cinyar Inna, Inna tana shafa bayanta tana cewa, "Ya isa, Auta. Mijinki na jira."